Wasiƙar da Lugga ya ce Sarkin Musulmi ya aiko masa: wa ya taɓa ganin ta?

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Taimako nake nema. An ba mu aiki kan dalilin da ya sa Turawa suka yaƙi Kano da Sakkwato a 1903. Ni abin da na haddace tun sakandare shi ne Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aika wa Lugga (Lugard, shugaban Turawan mulki a Arewa) wasiƙa cewa bai yarda ko mutum ɗaya daga cikinsu ya zauna a ƙasarsa ba, kuma babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Da na faɗi haka a aji, malam sai ya yi murmushi ya ce, "Ke kin ga wasiƙar?" Ya ɗauki jakarsa ya fita. Tun jiya abin yake cina. Wai da ma akwai shakku a kanta?

Tsohon Hedimasta: Wa alaikumus salam 'yata. Malamin naki ya san aikinsa, so yake ki haƙa da hannunki. Abin da yake hannun jama'a fassarar Ingilishi ce wadda Lugga ya saka a rahotonsa na shekarar 1902, ya ce wajen watan Mayu ta iso masa. Ainihin takardar ta Larabci kuwa, mai hatimin Sarkin Musulmi, masu bincike sun nema ba su samu ba. Wanda ya fi tayar da ƙurar nan ma Bature ne, Muffett, wanda shi kansa ya yi aikin mulki a Arewa. A littafinsa na 1964 ya nuna akwai lauje cikin naɗi. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce akwai wata wasiƙar ta Sarkin Musulmin, ta kusan lokaci guda, kan shigar Turawa Bauchi. Ita wannan a sanyaye take: ba mu gayyace ku ba, ba ma neman taimakon kowa sai Allah, kuna da addininku muna da namu. Babu zancen yaƙi a ciki. To ta yaya mutum ɗaya zai yi murya biyu a 'yan makonni?

Ɗan Giginya: Allah shi gafarta Malam, ban yarda ba. Mu nan Sakkwato da maganar nan munka tashi. Jikan Shehu ya dubi Nasara ya ce masu sai yaƙi, yanzu kuma a ce muna ƙarya ce? Har ɗan abin alfaharin da ya rage muna za a amshe?

Tsohon Hedimasta: Ɗana, ban ce ƙarya ce ba, cewa na yi ba a ga asalinta ba. Amma ka lura da wani abin mamaki. Masu yabon Lugga suna son wasiƙar ta tabbata, don ita ce ke wanke shi, a ce mu muka fara kiran yaƙi. Mu kuma muna son ta tabbata don ta nuna kakanninmu ba su rusuna ba. Kai da Lugga kun hau jirgi ɗaya ke nan ba ka sani ba.

Ɗan Giginya: Subhanallahi. A'a Malam, ka sauke ni daga jirgin nan.

Lauyan Zaure: Ni a ganina ba a nan gizo ke saƙa ba. A jera ranakun kawai. Kamfanin Goldie, wato kamfanin cinikin Ingila na Royal Niger, ya ci Bida da Ilorin a 1897. Ranar 1 ga Janairun 1900 Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ya ce ƙasar ta shiga ƙarƙashinsu, har da garuruwan da bai taɓa takawa ba. Kwantagora da Bida farkon 1901, Yola watan Satumba na shekarar, Bauchi Fabrairun 1902, Zariya ma a shekarar. Mutumin da ya cinye maka gonaki shida yana bukatar wasiƙa kafin ya shigo gidanka? Wasiƙar ba don Sakkwato aka fito da ita ba, don Landan ce. Lokacin Ingila ta fito daga yaƙin Afirka ta Kudu da ya cinye mata kuɗi, ma'aikatar mulkin mallaka ba ta son wani sabon yaƙi. Dole Lugga ya nemi abin da zai nuna musu. Sai ga kisan Kyaftin Moloney a Keffi a Oktoban 1902, Magaji Ɗan Yamusa da ya kashe shi ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu biyu. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 Kanar Morland ya fasa Kano da soja waɗanda ba su kai dubu ba, akasarinsu ma Hausawa da Yarabawa, amma da igwa da bindiga mai jigida. Ranar 15 ga Maris sai Sakkwato, a yaƙin filin Giginya.

Ɗalibar Tarihi: Yaya, ke nan ko da wasiƙa ko babu, suna tafe?

Lauyan Zaure: Suna tafe ƙanwata. Ga kuma Faransa daga arewa, ana shirin shata iyaka, kowa na rige-rigen kafa tuta.

Ɗan Dutse: Ku yi haƙuri zan jefa tsakuwa a cikin tuwonku. Ni daga kudancin Bauchi nake, Hausa na tashi da ita amma ni ba Bahaushe ba ne. Duk lokacin da ake wannan hirar sai in ji ana cewa "mu" da "ƙasarmu". Mu ɗin su wa? Kakar mahaifina a kan dutse aka haife ta, ba don sha'awar iska ba, don mahaya na zuwa da rani su kwashi mutane. Ta nuna wa babana kogon da suke ɓoye yara, har yau yana nan, bakinsa bai fi ka shiga da rarrafe ba. Sai bayan zuwan Bature suka sauko ƙasa suka yi gona a fili. Ban ce Bature waliyyi ne ba, mu ma ya ƙone mana ƙauyuka kan haraji. Amma in za a yi tarihi a yi shi duka. Ba Sarkin Sudan na Kwantagora ne aka ce ya ce ba a raba kyanwa da kamun ɓera, shi da bawa a bakinsa zai mutu ba?

Uwar Biyu: Maganarka gaskiya ce ɗan'uwa, kuma tana da ɗaci. Mu Hausawa ba ma son a taɓo zancen bayi, sai mu yi ta kewaye-kewaye.

Tsohon Hedimasta: Ɗan Dutse, ban musa maka kogon ba ko kaɗan. Sai dai ita maganar kyanwa da ɓera, ka ga mun koma gidan jiya: daga bakin Turawa ta fi yaɗuwa, su da suke neman hujjar cin ƙasar. Harin bayi ya faru, wannan ba mai ja. Abin da masana suke ja a kai shi ne ko shi ne dalilin zuwan, ko kuwa rigar da aka yafa wa dalilin.

Mai Digiri Biyu: A kan wannan gaɓar akwai aikin Lovejoy da Hogendorn na 1993, kuma ya kamata kowa a zauren nan ya san abin da suka tono. Sun ƙiyasta bayin da ke daular Usmaniyya wajen 1900 sun haura miliyan ɗaya, wataƙila ma sun kai biyu da ɗoriya. Me Lugga ya yi? Ya hana hari da kasuwar bayi, ya ce duk yaron da aka haifa bayan ƙarshen Maris 1901 ɗa ne. Amma bai 'yanta waɗanda ke hannu ba. Bawa in yana son kansa sai ya je gaban alƙali ya fanshi kansa, ya yi ta biyan murgu yana tara kuɗin fansa. Wanda ya gudu kuma a hana shi gona, a ce masa ɗan iska ne mara aiki. Tsoronsu shi ne in bayi suka watse gandayen sarakai su mutu, sarakai su yi bore, haraji ya faɗi. Ba a soke bauta gaba ɗaya a doka ba sai 1936. Shekara talatin da uku bayan Giginya. Don haka Ɗan Dutse yana da gaskiya cewa hari ya tsaya, wanda kuma ya ce Bature bai zo don bayi ba shi ma yana da tasa.

Ɗan Dutse: Na karɓa. Amma ga wanda ake kora a kan doki, tsayawar harin ba ƙaramin abu ba ne, ko da wace niyya aka tsayar.

Mai Digiri Biyu: Haka ne, ban ja ba.

Jikan Muhajirai: Salamu alaikum daga Sudan. Hausata ta ɗan gauraya da Larabci, a yi mini uzuri. Ni asalina Mai Wurno ne, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Mu ne jikokin waɗanda suka ƙi zama. Bayan Giginya Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya gaji Abdurrahman, ya ɗauki hanyar gabas, mutane suka yi ta barin gonaki suna bin sa, manoma da malamai da sarakai. A Burmi suka kori Turawa karon farko a watan Mayu, karo na biyu ranar 27 ga Yulin 1903 aka kashe shi da ɗaruruwan mutane, su ma Turawa suka rasa babbansu Manjo Marsh. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har suka iso nan, garin ya ɗauki sunansa. A gidanmu in tsofaffi suna hira ba sa cewa an ci Sakkwato. Cewa suke Sakkwato ta taso ta taho. Waɗanda suka zauna suka karɓi sanda daga hannun Nasara, to, ba zan faɗi sunan da ake kiransu ba.

Ɗan Giginya: Faɗi mana ɗan'uwa, mun sha ji. Amma ka san wa ya zauna da tsofaffi da mata da guragun da ba su iya tafiya Burmi? Waziri Buhari bai ɓoye ba, takarda ya rubuta ga malamai ya bayyana dalilinai. Ya fita gari bayan yaƙin, ya ga jama'a ba abinci ba mafaka, ya shawarci malamai, sunka ce masa ana iya mu'amala da mai rinjaye da baki ba da zuciya ba, muddin bai hana salla da azumi da zakka da hajji ba. Da kowa ya tafi, wa za ya riƙe masallacin Shehu da Hubbare? Ku kun tafi da tuta, mu munka tsaya da gari.

Jikan Muhajirai: Kun tsaya da gari, Razdan ya tsaya a kanku.

Uwar Biyu: Kai jama'a, shekara ɗari da ashirin ba ku gama wannan faɗan ba?

Tsohon Hedimasta: Hajiya ba za su gama ba, don tun kafin Turawa su iso malaman Sakkwato suka rabu uku: a yi yaƙi, a yi hijira, ko a yi sulhu. Kowanne da ayarsa da hadisinsa. Farfesa Muhammad Sani Umar ya yi littafi guda kan yadda malaman Arewa suka amsa mulkin Nasara, kuma abin da ya nuna shi ne raba mutane gida biyu, jarumi da maci amana, bai isa ya ɗauke abin da ya faru ba. Wani ya rusuna da rana, da dare ya rubuta waƙar tsine musu.

Lauyan Zaure: To amma Malam, in ana son a ga inda sulhun ya kai, a dubi Satiru. Nan ne duk wanda ke kare sarakai yake yin shiru.

Ɗalibar Tarihi: Satiru kuma? Wallahi ba a taɓa koya mana ba.

Ba'are Daga Dosso: Ba za a koya muku a lakkwal ba ƙanwata, don ba ta yi wa kowa daɗi. Bari in fara daga ɓangarenmu, tunda wutar daga Nijar ta tsallaka. Ƙarshen 1905 zuwa farkon 1906 wani malami makaho, Alfa Saibu, ya tayar wa Faransa da bore a Kobkitanda cikin ƙasar Dosso. Faransa da dakarun Zarmakoy, sarkin Dosso, suka murƙushe su, shi ya tsere ya faɗa Satiru, ƙauye kudu da Sakkwato. Ku kuke ce masa Ɗan Makaho. A Satiru talakawa ne da bayin da suka gudo, sun yi imani lokacin Mahadi ya yi, ba su biyan haraji ga kowa. Ranar 14 ga Fabrairun 1906 Turawa suka je da soja a kan dawaki, mutanen nan da gatura da fartanyu da baka suka kashe Turawa uku da soja sama da ashirin, suka ƙwace bindiga mai jigida.

Lauyan Zaure: Sai ramuwa ranar 10 ga Maris. An ƙiyasta mutum wajen 2,000 aka kashe, aka rarraba mata da yara, aka baje garin. Kuma ba Turawa kaɗai ba, da dawakin Sakkwato a wajen. Sarkin Musulmi ya yi wa wurin baki cewa kada a sake gini ko noma. Shekara uku kacal bayan Giginya.

Ɗan Giginya: Satirawa ba Nasara kaɗai sunka yi wa tawaye ba, har da Sarkin Musulmi. Sun kashe maƙwabtansu da sunka ƙi bin su. Wane sarki ne za ya zuba ido?

Mai Digiri Biyu: Nan ma masana sun rabu. Wasu suna karanta Satiru a matsayin ci gaban yaƙi da Nasara, wato Burmi ta biyu. Lovejoy da Hogendorn kuma suka ce a duba su wa ke ciki: bayi da talakawa, ba a ga manyan gidajen sarauta ba. A wurinsu boren 'yan ƙasa-ƙasa ne a kan Bature da basarake baki ɗaya, shi ya sa su biyun suka haɗa kai. Ni na fi karkata nan. Kuma daga Satiru ne Turawa suka tabbatar sarakai sun fi musu bataliyar soja amfani. A shekarar ce aka kashe Sarkin Haɗeja Muhammadu da ya ƙi miƙa wuya, aka tuɓe Sarkin Katsina Yero aka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko, sarauta ta bar gidan Dallazawa ta koma Sulluɓawa.

Ba'are Daga Dosso: Mu ma a 1906 ɗin Faransa ta tuɓe Sarkin Damagaram ta kai shi Kodebuwa, wai yana ƙulla makirci. Shekarar nan ta ci rawuna.

Uwar Biyu: Ni ban yi karatun tarihi ba, amma ga abin da ya ɗaure mini kai. Kakata ta rayu har na yi aure, kuma ko sau ɗaya ban ji ta zagi Bature ba. Ta ce sau biyu ta taɓa ganin Di'o, ya zo rangadi a kan doki da hular kwano, yara suka ɓuya bayan rumbu. Wanda take tsine wa shi ne ɗan sarkin da ke zuwa karɓar haraji. Ta ce shekarar fara aka shanya mahaifinta a rana ƙofar gidan dagaci tun hantsi har la'asar, sai da uwarta ta kai tasoshinta na aure da akuya ɗaya aka sake shi. Har ta rasu in ta ga jan rawani sai ta tofar da yawu. To wa ya yi mata mulkin mallakar?

Tsohon Hedimasta: Hajiya, tambayarki ta fi duk abin da muka faɗa tun safe. Wannan shi ne abin da suka kira mulki ta hannun sarakai. Su Margery Perham, wadda ta rubuta tarihin rayuwar Lugga, sun ɗauke shi hikima ce da mutunta al'adar mutane. Sai 'yan Jami'ar Ahmadu Bello suka zo, su Bala Usman da Mahmud Tukur, ɗaliban makarantar masanin tarihi Abdullahi Smith. Tukur ya zauna da takardun Razdan-Razdan ɗin da kansu, ya nuna daga rubutunsu cewa sarki ya zama ma'aikaci ne kawai: Bature ke naɗawa, shi ke tuɓewa, shi ke yanka haraji. Je ki Lakwaja ki ga kaburburan sarakunan da aka kai can, Alu na Kano da Kwasau na Zazzau suna ciki. A Kano Razdan Cargill har laƙabi aka yi masa, Mai Gunduma, don shi ya yayyanka ƙasar ya tura hakimai su bar birni su zauna a kan talakawa. Aka daina karɓar wuri da hatsi, sai kuɗin Bature, ka ga dole ka noma gyaɗa, ga jirgi ya iso Kano a 1911 yana jiran ta. Hannun da ya shanya kakanki na gida ne, amma lissafin daga ofishin Razdan ya fito.

Ɗan Dutse: Kada dai a wanke ɗan sarkin, Malam. Ba duk abin da ya karɓa ne ya isa baitulmali ba.

Tsohon Hedimasta: Ina! Wa zai wanke shi? Akuyar ma ina zaton a gidansa ta kwana.

Mai Digiri Biyu: Bari in koma kan wasiƙar, don na ga Ɗaliba ta yi shiru. Na yi wata uku ina zama a gidan adana takardun tarihi na Kaduna. Fayil ne za a kawo miki ɗaure da zare, takarda ta yi ja, gefenta na marmashewa a yatsa. Za ki ga Di'o ya rubuta da hannunsa cewa mutanen gari kaza sun yi murna da sabon haraji. Wa ya gaya masa? Tafinta. Wa tafinta ya tambaya? Hakimi. Talakan da ake magana a kansa bai buɗe baki ba. Ko a Keffi, riwayoyi da dama suna ɗora rikicin a kan tafintan Moloney da abin da yake juyawa tsakanin mutum biyun. Don haka ko wasiƙar ta tabbata, tsakanin alƙalamin magatakardan Sakkwato da rahoton da aka buga a Landan akwai hannaye da yawa. Amma ba a rasa namu ba. Akwai wasiƙun Larabci sama da ɗari da Turawa suka kwasa a gidan Waziri Buhari, Backwell ya fassara su a 1927, a ciki za ki ji sarakuna suna rubuto wa Sakkwato halin da suke ciki da Nasara. Akwai takardar Wazirin kansa. Akwai waƙoƙin ajami, har da na Malam Umaru na Kete-Krachi a Gana, wanda haifaffen Kano ne.

Lauyan Zaure: Kuma kada a ɗauka duk abin da Ingila ta rubuta ta bari a gani. Sai a 2011, da tsofaffin Mau Mau na Kenya, waɗanda suka yi wa Ingila bore, suka kai ƙara, gwamnatinsu ta amsa cewa tana ɓoye da dubban fayiloli da ta kwashe daga ƙasashen da ta mulka. A 2013 ta amince ta biya mutum 5,228 diyya, jimilla fam miliyan 19.9 har da kuɗin shari'a.

Ɗan Giginya: To Allah shi sa wata rana a buɗe wani akwati a ga wasiƙar tamu da hatiminta, in ga bakin Malam.

Tsohon Hedimasta: Ranar ni zan fara yi maka barka, da goro.

Ɗalibar Tarihi: Na gode iyayena da yayyena. Ga yadda zan tsara: in kawo wasiƙar yadda Lugga ya buga ta, in kawo ta Bauchi kusa da ita, in jera garuruwan da aka ci kafin Mayun 1902, in bar malam ya yi hukunci. Baba Hedimasta, in saka Satiru ko ta fita daga tambayar?

Tsohon Hedimasta: Ta fita 'yata, 1903 aka tambaye ki. Ajiye ta don kundin kammala digiri. Ki kuma rubuta sunan littafin da kika ɗauko kowace magana, kada ki ce "an ce a zaure".

Jikan Muhajirai: Kafin a watse, don Allah Burmi tana ina yanzu? Babana ya rasu da burin ya ga wurin. In Allah ya kawo mana zaman lafiya a nan ina so in zo.

Ɗan Dutse: Jihar Gombe ce, ƙaramar hukumar Funakaye, wajen Bajoga da Ashaka, kusa da kogin Gongola. In ka sauka Gombe ka nemi motar Bajoga. Ka yi mini magana ta akwati kafin ka taso, ina da ɗan'uwa a can zai raka ka. Ka zo da rani, hanyar ta fi daɗin bi.